Yadda Za Ka Gano Abin Da Ke Shan Cajin Wayarka Ta Hanyar Gwaji



Kwanakin baya wani abokina da ke karatu a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ya rantse mini cewa mayar da fuskar waya baƙa yana hana ta shan caji. Hujjarsa ita ce, ranar Alhamis a makaranta cajinsa bai kai la'asar ba, amma ranar Asabar da ya je gida Kurfi ya mayar da fuskar baƙa, sai ya kai har isha'i. Na tambaye shi, "Abokina, bidiyon da ka kalla a ranakun biyu daidai yake? Ƙarfin sabis fa?" Sai ya yi shiru.

Ya canza gari, ya canza yadda yake amfani da wayar, ya kuma canza launi. To wanne a ciki ya yi aikin? Kafin ka ba mai gyara kuɗin sabon batir, ka san abubuwa huɗu da kowane gwajin kimiyya ke buƙata:

1. Abin da za ka canza. Ɗaya tak: launin fuska.
2. Abin da za ka auna. Kashi nawa na caji ya sauka cikin awa 1.
3. Abubuwan da za ka tsare. Waya ɗaya, ɗaki ɗaya, hasken fuska iri ɗaya, manhaja ɗaya. Ka sa wayar a yanayin jirgi, domin idan sabis ya yi rauni waya kan ƙara shan caji wajen nemansa. Ka kuma guji zafin rana.
4. Abin kwatance. Wato gwajin da ba ka canza komai ba.

Yadda za ka yi: ka yi caji zuwa kashi 80, ka buɗe WhatsApp da farar fuska, ka hana ta mutuwa har awa 1, ka rubuta abin da ya rage. Wannan shi ne abin kwatancenka. Ka sake caji zuwa 80, ka maimaita da baƙar fuska. Kowanne ka yi shi sau 3, don sakamako ɗaya yana iya zama dace.

Idan fuskar wayarka AMOLED ce, akwai yiwuwar ka ga bambanci, saboda ɗigogin da ke nuna baƙi a kashe suke. Idan LCD ce, fitilar bayanta a kunne take ko da wane launi, don haka da wuya ka ga canji.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. A 1747 likita James Lind ya raba matuƙan jirgin ruwa 12 masu ciwon zubar jinin dasashi gida 6, abinci iri ɗaya, magani daban-daban. Waɗanda aka ba lemo su suka fi samun sauƙi. Ni ma haka nake neman kuskure a manhaja: layi ɗaya nake canzawa, in gwada, sannan in matsa gaba.

Sai mun haɗu a darasi na gaba, in sha Allah.