Darasi: Aikin Kwamitin Binciken Kuɗi a Ƙungiyar Ma'abota Sana'a

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, da yawa daga cikinmu muna cikin ƙungiyoyin sana'a: teloli, direbobi, mahauta, malaman makaranta, ma'aikatan lafiya. Kowane wata muna zuba kuɗi a asusu. A misali, ƙungiya mai mutum 200, kowa yana ba da jika 1 a wata, tana tara jika 2,400 a shekara. Wannan dukiyar jama'a ce, amana ce a hannun shugabanni. To, wa ke duba amanar? Wannan shi ne aikin kwamitin binciken kuɗi.

Ku sani binciken mai riƙon dukiya yana da asali. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya yi lissafi da Ibnul Lutbiyya, wanda ya aika karɓar zakka, kuma ya hana shi riƙe abin da aka ba shi da sunan kyauta. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 cikin Suratul Baƙara, umurni ce da rubuta bashi da kafa shaidu.

Sharaɗi na farko shi ne 'yancin kwamitin. Babban taro ne ke zaɓensa, ba shugaba ba, kuma ga babban taro yake kai rahoto. Dokar OHADA kan ƙungiyoyin gama kai, wadda aka amince da ita a Lome a 2010, ta ce kwamitin sa ido ya ƙunshi mutum 3 zuwa 5, kuma ta hana masu gudanarwa da makusantansu shiga cikinsa. Ƙungiyar sana'a tana iya koyi da wannan, domin ba a ba kura ajiyar nama.

Ayyukansa kuwa huɗu ne:

1. Ya gwada littafin ma'aji da sunayen waɗanda suka biya.
2. Ya nemi takardar shaida a kan kowane kuɗi da ya fita, ya duba ko da izinin wanda dokar ƙungiya ta ba izini.
3. Ya ƙirga kuɗin akwati da hannunsa, ya gwada takardar banki da littafi, wani lokaci ba tare da sanarwa ba.
4. Ya karanta rahotonsa a gaban babban taro kafin a amince da lissafin shekara.

Kwamitin ba ya riƙe kuɗi, ba ya sa hannu a fitar da su, ba ya yanke hukunci. Idan ya ga giɓi, sai ya fara jin ta bakin ma'aji, sannan ya rubuta abin da ya tabbata. Ba ya kai magana majalisa ko tasha.

Kada ma'aji ya ɗauki bincike cin fuska. Ma'aji na gari shi ne farkon mai cin amfaninsa, domin rahoto yana wanke shi daga zato. Inda babu bincike kuwa, zargi yana yaɗuwa, mutane su daina zubi, ranar da ɗan'uwa ya kwanta ciwo a tarar asusu ba komi.

Saboda haka, a taro mai zuwa kowa ya tambaya: su wa ke binciken kuɗinmu, kuma yaushe suka karanta mana rahoto?

Allah Ya ba mu ikon riƙon amana, amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.