Tsaron Wutar Lantarki a Bakin Ruwa

Hakimai da malamansu na ƙasar Daura, ga abin lura. Gidaje da yawa yanzu suna da injin jawo ruwan burtsatse, wasu manyan gidaje har da tafkin iyo mai fitilu. Wutar da KEDCO ke kawowa bolt 230 ce. In rigar waya ta tsage, wuta ta shiga jikin injin ko cikin ruwa, jiƙaƙƙen mutumin da ya taɓa shi ne hanyarta zuwa ƙasa.

Kada a dogara ga fis. Shi sai wuta ta yi yawa ƙwarai kana ya ƙone, alhali kashi ɗaya cikin goma na amfiya guda ya isa ya tsai da zuciya. Saboda haka lalle a sa makashin nan da ake kira RCD. Yana auna wutar da ta tafi da wadda ta komo. In bambancin ya kai miliamfiya 30, sai ya yanke nan take. Ko da janareta ake aiki, haka za a yi.

A ɗaure jikin injin da waya zuwa sandar tagulla, a kafa ta da zurfi, gama rairayin Daura yakan bushe da rani, busasshiyar ƙasa kuwa ba ta karɓar wuta sosai. Fitilar cikin ruwa kada ta wuce bolt 12.

Duba irin wannan aiki yana hannun hukumar NEMSA. Mai gida kuwa ya danna maɓallin gwaji bayan kowane wata uku. In bai yanke ba, kada kowa ya shiga ruwan sai an sake shi.