ABIN TAƁAWA MAI ARAHA, DA ZAƘIN DA BA SUKARI BA

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, ƙarshen shekara ya kusa, kowace ƙungiya a kwalejin nan za ta so ta yi 'yar liyafa ta sallami waɗanda suka gama. Nan gaba kuma, sa'ad da aka rarraba mu makarantu, mu ne za a ɗora wa shirya abin taɓawa ran taron iyaye da ran ba da kyauta. Kuɗin da akan ba malami domin wannan aiki ba shi da yawa. Saboda haka darasinmu kashi biyu ne: yadda za a cika faranti da kuɗi kaɗan, da yadda za a lura da abin da aka sa wa abin sha domin ya yi zaƙi. Gama alhakin abin da ya shiga cikin baƙo yana wuyan mai gida.

1. Abin da za a yi tun da wuri

Ba a fafe gora ran tafiya. Akwai abin da ba ya lalacewa da kwana, sai a fara da shi.

Na fari cincin. A ɗauki fulawa gwangwani 4, sukari rabin gwangwani, ƙwai 2, bota cokali 4, da ɗan gishiri. A kwaɓa da ruwa kaɗan har ya yi tauri, a murza shi da kwalba bisa tebur mai tsabta, a yanyanka ƙanana, a soya. In ya huce a rufe shi cikin kwano mai murfi, zai yi mako bai yi komai ba.

Na biyu gugguru da gyaɗa. Masarar gugguru gwangwani ɗaya takan cika babban kwano in ta fashe. A sa mai kaɗan a tukunya, a zuba masara, a rufe, a riƙa jijjigawa har ƙarar ta ɗauke. A ƙunsa shi da soyayyiyar gyaɗa cikin takarda, kowa ƙunshi guda. Da haka rabo ba ya kawo gardama.

2. Abin da za a yi ran liyafa

Ƙosai shi ne sarkin araha. A surfa wake a wanke dusar sarai, a niƙa da albasa da attaruhu, kada ruwa ya yi yawa. Sa'an nan a buga ƙullun da muciya har ya tashi, gama iskar da ta shiga ita ke sa shi laushi. Gishiri sai an zo suya. A yi su ƙanana, loma ɗaya ɗaya, domin su isa kowa.

Awara ma haka. A yanka ta 'yan mitsi-mitsi, a soya, a barbaɗa yaji. Dankali ko doya kuwa a yanka su tsaye kamar yatsa. Bayan wannan a dubi abin da ya cika kasuwa a lokacin, ko gwanda, ko abarba, ko kankana, ko lemo, a wanke a yayyanka, a rufe saboda ƙuda. Iri uku da aka yi da kyau sun fi iri goma da aka yi da garaje. Shimfiɗar fuska kuwa ta fi ta tabarma.

3. Zaƙin da ba sukari ba

Abin sha mafi araha shi ne zoɓo, ko kunun zaƙi, ko ruwan tsamiya da citta. Amma tulu guda yakan ci sukari da yawa, don haka wani zai ce, "Mu sa sakarin mana, ai ɗan ƙwaya ya isa." To, kafin mu sa, bari mu san mene ne.

Waɗannan abubuwa masana ne suka haɗa su a ɗakin gwaji. Sakarin shi ne babbansu: Constantin Fahlberg ya same shi a 1879 a jami'ar Johns Hopkins ta Amurka. Ya fi sukari zaƙi kamar sau 300, amma in ya yi yawa yakan bar ɗaci a maƙogwaro. Akwai saikilamet na 1937, wanda Amurka ta hana a 1969, ko da yake waɗansu ƙasashe sun yarda da shi. Akwai asfatam, wanda James Schlatter ya samu a 1965, zaƙinsa kamar sau 200. Wuta tana kashe zaƙinsa, watau ba shi da amfani wajen suya ko gashi. Akwai kuma sukuralos na 1976, kamar sau 600. A jikin kwalba ko gwangwani wani lokaci lamba ake rubutawa maimakon suna: E954 sakarin, E952 saikilamet, E951 asfatam, E955 sukuralos.

4. Abin da sukan jawo wa waɗansu

Yawancin mutane sukan sha kaɗan ba su ji komai ba. Amma jiki ba ɗaya ba ne.

(a) Akwai wata cuta ta gado, fenilketonuriya. Jikin mai ita ba ya iya sarrafa wani sinadari mai suna fenil'alanin, sai ya taru ya taɓa ƙwaƙwalwa, musamman ta yaro. Asfatam kuwa yana ɗauke da shi. Cutar ba ta da yawa, amma mai ita dole ya guje shi ɗungum, shi ya sa akan rubuta gargaɗi a jikin kayan.

(b) Waɗansu sukan yi kukan ciwon kai bayan sun sha abin da aka sa wa asfatam. In baƙo ya ce yana sa shi haka, kada a yi masa musu, a ba shi wani abu dabam.

(c) Akwai wani dangi kuma, su sobitol (E420) da zailitol (E967), da akan sa cikin alewa da cingam marasa sukari. Hanji ba ya tsotse su duka. Abin da ya saura yakan jawo ruwa cikin hanji, ƙwayoyin ciki kuma su ruɓar da shi, sai ka ga kumburin ciki da zawo. Yara su ne suka fi saurin kamuwa, gama ba su san ƙoshi da alewa ba. Zailitol kuma dafi ne ga kare, kada a zubar da ragowa inda zai lasa.

A watan Yuli 2023 sashen binciken ciwon daji na Hukumar Lafiya ta Duniya ya sa asfatam cikin abubuwan da mai yiwuwa ne su jawo cutar, amma ya ce shaidar ba ta da ƙarfi. Kwamitin da ke duba ma'aunin abinci kuwa ya bar iyakar yadda take, watau miligiram 40 a rana ga kowane kilo na nauyin mutum. A watan Mayu na shekarar kuma Hukumar ta ba da shawara kada a dogara ga irin wannan zaƙi domin rage ƙiba.

Ga lissafi a nan. Gwangwanin lemo ɗaya yana iya ɗaukar miligiram 200 zuwa 300. Babba mai kilo 60, iyakarsa 2,400, watau gwangwani 8 zuwa 12. Yaro mai kilo 20 kuwa, iyakarsa 800, kamar gwangwani 3 ko 4 ke nan. Kun ga abin da ke nesa da babba yana kusa da yaro, mu kuwa yara za mu yi wa hidima.

5. Aikin mai gida

A raba zoɓo tulu biyu, ɗaya da sukari daidai, ɗaya ba a sa masa komai ba sai citta da kanumfari. In lalle za a sa wani zaƙi domin masu ciwon sukari, a yi tulu na uku, a manna masa takarda da sunan abin da aka sa. A tuna kuma cincin da soyayyiyar doya sukan ta da sukarin jini ko da abin sha ba shi da sukari. Ƙosai da awara sun fi dacewa da irin wannan baƙo. In a waje aka sayo kunu, a tambayi mai shi abin da ta zuba. Garin da ba shi da suna a jikin takardarsa, kada a saye shi komai arhansa.

In baƙo ya ji cikinsa ya juya, ya bar abin, ya sha ruwa. Amma in leɓe ya kumbura, ko jiki ya yi borin jini, ko numfashi ya yi wuya, a kai shi asibiti nan da nan. Irin wannan sau da yawa daga gyaɗa ne ko ƙwai, saboda haka su ma a faɗa wa baƙi inda aka sa su. Faɗin ba ya cin ko kwabo, rigakafi kuwa ya fi magani.

Tambayoyi domin aji

1. Don me ake buga ƙullun ƙosai kafin suya?
2. Yarinya mai kilo 35, miligiram nawa ne iyakarta ta asfatam a rana?
3. Tsara abin taɓawa iri uku domin baƙi 30, ka nuna wanda za a yi tun da wuri da abin da za ka rubuta a jikin kowane tulu.