KOWANE MATAKI DA HAKKINSA: DARASI KAN GIRMAN ƊAN ADAM DAGA GOYO ZUWA FURFURA

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya halicci ɗan Adam mataki bayan mataki. Tsira da amincin Allah su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa ya shafi yadda mutum ke girma, da abin da ya wajaba a kanmu game da shi a kowane zango na rayuwarsa. A cikin Suratur Rum, aya ta 54, Allah ya taƙaita mana rayuwa a zango uku, wato rauni, sannan ƙarfi, sannan komawa ga rauni da furfura. Malam Ibnul Jauzi, wanda ya rasu a shekara ta 597 bayan Hijira, ya kasa ta gida biyar: ƙuruciya zuwa shekara 15, samartaka zuwa 35, manyantaka zuwa 50, dattijantaka zuwa 70, sai kuma tsufa tukuf. A ƙarni na ashirin masana halayyar ɗan Adam na Turai da Amurka su ma sun yi nasu rabon. Muna auna maganarsu da ma'aunin shari'a, abin da ya dace da ita mu amfana da shi. Abin da muke son fitarwa shi ne, kowane mataki da hakkinsa, kuma neman abu daga yaro kafin lokacinsa cutarwa ce, ko da an yi shi da kyakkyawar niyya.

DAGA HAIHUWA ZUWA YAYE

Suratul Baƙara, aya ta 233, ta sanya shekara biyu cikakku ga mai son cika shayarwa, ta kuma ɗora ci da tufafin mai shayarwa a kan uba. Likitoci sun tabbatar da cewa daga shigar ciki zuwa cikar shekara biyu ne ƙwaƙwalwa ta fi saurin ginuwa, kuma yunwar da ta sami yaro a wannan lokaci tana iya barin tabo har girmansa. Mutanen Maraɗi ba su manta da yunwar 2005 ba, da yadda wuraren jinyar tamowa suka cika da jarirai. Don haka kada a zubar da dakashi, nonon farko, domin shi ne garkuwar jinjiri. Kada kuma manomin Jiratawa ya kwashe zogale da kayan lambunsa kaf zuwa kasuwa, ya bar mai goyo da hura tsura.

Bayan ciki kuma akwai zuciya. A shekarar 1951 wani likita ɗan Ingila, John Bowlby, ya rubuta rahoto kan yaran da suka rasa gidajensu bayan Yaƙin Duniya na Biyu, inda ya nuna cewa shaƙuwa da uwa, ko wadda ta tsaya a matsayinta, buƙata ce kamar abinci. Manzon Allah (SAW) ya yi salla yana ɗauke da jikanyarsa Umama. Da Aƙra'u ɗan Habis ya ce yana da ƴaƴa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, Manzo ya sanar da shi cewa marar jin ƙai ba a jin ƙansa. Kunyar ɗan fari al'ada ce mai kyau, amma kada ta hana yaro jin ɗumin iyayensa.

ME YA SA SHEKARA BAKWAI?

A nan za mu ɗan tsaya, domin nan ne muka fi yin tuntuɓe. Jean Piaget, masani ɗan ƙasar Suwizalan wanda ya rasu a 1980, ya yi wani gwaji da kowa zai iya yi a gidansa. A zuba ruwa daidai wa daida a kofi biyu iri ɗaya, sannan a juye ɗaya cikin kwalba doguwa siririya, yaro yana kallo. Ɗan shekara huɗu ko biyar zai ce na kwalba ya fi yawa, domin idonsa ne ke yi masa hukunci. Wajen shekara bakwai sai ya ce ai ruwan nan bai ƙaru ba bai ragu ba. Masu bincike na baya sun ga cewa shekarun suna ɗan gaba ko baya daga yaro zuwa yaro, daga al'umma zuwa al'umma. Malamanmu na fiƙihu suna kiran wannan buɗewar hankali tamyizi, alamarsa kuwa yaro ya fahimci magana ya kuma mayar da amsa daidai.

To, mu dubi hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito, wanda mai Risala ma ya kawo ma'anarsa tun a gabatarwa: a umurci yara da salla suna da shekara bakwai, a ladabtar da su a kanta suna da goma, a kuma raba musu makwanci. Da yawa daga cikinmu sun riƙe ladabtarwar sun manta da jiran. Kafin bakwai babu umurni, sai koyi da wasa. Tsakanin bakwai da goma akwai shekara uku, wato salloli sama da 5,000 na tunatarwa da lallashi. Wannan game da salla ke nan, ginshiƙin addini. Ina kuma ga abin da bai kai ta ba?

Imamul Gazali ya yi nasiha a bar yaro ya yi wasa bayan tashi daga makaranta, domin hana shi wasa yana kashe masa zuciya. Muhammadu ɗan Sahnun, babban malamin Malikiyya na Ƙairawan, ya iyakance bulalar karatu ga uku. Ibnu Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya bayyana cewa tsanantawa tana koya wa ɗalibi ƙarya da yaudara, saboda tsoron hannun da ke kansa.

Da wannan ma'auni ya kamata mu auna abin da muke gani kowace shekara bayan kaka. Ana ɗora yara ƴan shekara biyar ko shida a mota daga ƙauyukan Tibiri da Jiratawa, a kawo su birnin Maraɗi, ko a ƙetara da su Katsina da Kano, da allo da kwano, ba guzuri. Yaron da shari'a ba ta ce a umurce shi da salla ba tukuna, mu mun umurce shi da ciyar da kansa. Tafiya neman ilimi gado ne mai albarka, kuma yawancin malaman ƙasar nan ta wannan hanya suka samu. Amma Imamu Malik daga ɗakin mahaifiyarsa ya fara. Ita ta naɗa masa rawani ta tura shi wurin Rabi'a, ta ce ya koyi ladabinsa kafin iliminsa. Shawararmu ita ce yaro ya fara a makarantar allo ko madarasa ta garinsu, ya kwana gaban uwarsa. In ya yi wayo aka ga dacewar tura shi, to a tura shi da hatsi da sutura, a riƙa kai masa ziyara. Ciyarwa tana kan uba, kai yaro gaban malam bai sauke ta ba.

BALAGA DABAN, RUSHDI DABAN

Da balaga alƙalami ke fara rubutu a kan mutum. Amma Suratun Nisa'i, aya ta 6, ba ta yarda a miƙa wa maraya dukiyarsa don ya balaga kawai ba, sai an jarraba shi an ga rushdi, wato natsuwar hankali da iya riƙo. Binciken ƙwaƙwalwa na zamani ya nuna cewa sashenta na gaba, mai auna sakamako da danne zuciya, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Erik Erikson, wanda ya kasa rayuwa mataki takwas a littafinsa na 1950, ya ce a wannan zango matashi yana neman sanin ko shi wane ne. In bai sami amsa wurin ubansa da masallacin unguwarsu ba, zai same ta a fada, wurin shayi, kuma ba kowace fada ce ke ba da amsa ta gari ba. A ja shi a jika, a ba shi amana kaɗan-kaɗan, a gona ko a shago. Haka nan ƴa mace, a dubi ƙwarin jikinta da hankalinta kafin a ɗora mata ɗawainiyar aure da haihuwa.

ARBA'IN DA FURFURA

Suratul Ahƙaf, aya ta 15, ta ambaci shekara arba'in a matsayin cikar ƙarfi, inda mutum ke duban iyayensa yana godiya, ya dubi zuriyarsa yana roƙon gyaruwarta. Erikson ma ya ce aikin wannan zango shi ne raino da renon na baya. Daga nan sai gangara. Suratul Hajji, aya ta 5, ta faɗi cewa akwai wanda zai tsufa har ya manta abin da ya sani. Likitoci sun ce rikicin tsufa ciwo ne na ƙwaƙwalwa. Tsohuwar da ke surutai ko ta fita ta ɓace hanya ba mayya ba ce, marar lafiya ce, kuma Suratul Isra'i ta hana ko da nuna ƙosawa ga iyaye a wannan hali. Raunin ƙarshe yana bin mu bashin haƙurin da aka yi da raunin farko.

Ya ƴan'uwa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma mai gaggawa karya shi yake yi. Kowane magidanci ya zauna ya lissafa mutanen gidansa ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi kansa a wane mataki kowa yake, kuma wane hakki ne bai ba shi ba, domin za a tambaye mu game da kiwon da aka ba mu. Allah ya shirya mana zuriyarmu, ya jiƙan iyayenmu, ya sa mu gama da duniya lafiya. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.