Lissafin Daɓen Ɗaki

'Yan'uwa, mai son daɓe ɗakinsa a Sabon Garin Sakkwato kada ya tsaya ga kuɗin kaya kaɗai. Lissafi kashi biyu ne: kuɗin kaya, da ladan magini bisa kwanakin aikinsa.

Iyayenmu mata suna daɓe da tsakuwa da ruwan makuba. Kayan da araha, amma aikin da nawa. Siminti kuwa, ko da yake tun 1967 ana yinsa a Kalambaina kusa da mu, sai an saya, a kuma yi ta ba shi ruwa har kwana 7.

Ga misali. A ce ladan magini naira 10,000 ne a yini. Na fari ya nemi kayan 90,000 da kwana 6, jimla 150,000. Na biyu ya nemi kayan 110,000 da kwana 3, jimla 140,000. Kun ga, mai tsadar kaya shi ne mai sauƙi.

Domin wannan, ku tambayi kwanakin tukuna, ku rubuta a gaban shaidu, kāna ku ba da kafin alƙalami. Araha ba ta ado.