Dutsen Kamaru da Masu Hawansa

Dutse mai aman wuta shi ne wanda ke fitar da narkakken dutse da toka da iska mai guba daga ƙarƙashin ƙasa. Babu mai aman wuta a Ghana yanzu. Wanda ya fi shahara a wannan gefe na Afirka shi ne Dutsen Kamaru, kusa da garin Buea. Tsayinsa ya haura mita 4,000, alhali dutsen Afadjato na yankin Volta a Ghana, da 'yan makaranta ke alfahari da shi, bai kai mita 900 ba. Da za a ɗora magidanta a tsaye, wannan bisa kan wancan, sai an tara fiye da 2,300 kafin na sama ya taɓa ƙololuwa. Gindin dutsen kuwa ya shimfiɗu fiye da kilomita 40, wato ya zarce tafiyar Nima zuwa Tema a Ghana.

Wani zai ce ina girman yake, tunda tun 1973 ake tseren hawansa, gwanaye kuma kan hau su sauko cikin ƙasa da awa biyar? Gaskiya ne, kuma sun cancanci yabo. Sai dai mai tsere bayan dutsen kawai yake takawa, a ranar da dutsen ya yi shiru. Abin da ke cikinsa zafinsa ya wuce digiri 1,000, ruwa kuwa a 100 yake tafasa. A 1909 dutsen ya motsa har sai da Jamusawa masu mulki suka bar Buea suka koma Douala na ɗan lokaci. A 1999 narkakken dutse ya gangaro ya datse hanyar mota ta bakin teku a yammacin Limbe, a 2000 kuma dutsen ya sake amai. Babu injin da ya iya tare narkakken dutsen. Saboda haka hawa ba ya nufin an fi ƙarfinsa.

Mutumin unguwar Maamobi a Ghana ma zai iya cewa ba ruwansa. Amma Bahaushe matafiyi ne, fatauci na kai 'yan'uwanmu har Kamaru. Duk wanda ya je can, kada ya hau ba tare da ɗan jagora ba. In toka ta fara zuba, ya rufe hanci da jiƙaƙƙen ƙyalle. In hukuma ta ce a tashi, ya bar kaya ya tashi nan take.