Kafin Ki Saki Littafinki a Intanet

'Yar'uwa marubuciya, kuskuren da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne gaggawa. A gama babi da tsakar dare, kafin asuba an watsa shi a WhatsApp, ba wanda ya duba. Sai jarumar da ta fara da suna Zainab ta koma Hafsat a babi na tara. Ki samu mai idon gyara ya karanta tukuna, ya duba miki ƙ, ɗ da ɓ, don wasu wayoyin ba sa fitar da su.

Kada ki tura cikakken littafi kafin a biya. Da ya faɗa rukuni ɗaya, ya zama na kowa. Ki kuma ajiye kwafi a wuri biyu, domin manhajar littattafai ta OkadaBooks ma ta rufe a 2023.